SUNA DA AMANA: TARIHIN GIDAUNIYAR MADONNA A ƘASAR MALAWI

Gabatarwa

Cikin watan Maris na shekarar 2011 jaridar New York Times ta Amurka ta buga wani labari wanda ya tayar da hankalin masu harkar agaji. Labarin kuwa shi ne, gidauniyar Raising Malawi, wadda shahararriyar mawaƙiyar nan Madonna ta kafa domin taimakon marayu da 'ya'yan talakawa a ƙasar Malawi, ta kashe dala miliyan 3.8 a kan wata makarantar 'yan mata, alhali ko aji ɗaya ba a gina ba. An riga an tashi manoma daga gonakinsu, an yi bikin aza harsashi, an ɗauki ma'aikata ana biyansu albashi, sa'an nan aka wayi gari an soke aikin baki ɗaya.

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda haka ta faru. Abin da tarihi ya nuna shi ne, shahara tana tara kuɗi da saurin da ya fi ƙarfin masu riƙe da su, kuma sunan da ya jawo kuɗin shi ne ke rufe bakin masu tambaya. Kyakkyawar niyyar mai gidauniya ba ta isa ta tsare haƙƙin yaro ba. Abin da ke tsare shi shi ne littafin lissafi wanda mutumin waje, wanda ba ya cin abincin gidan, yake da ikon buɗewa ya duba. Domin a ga cewa matsalar ta girmi Madonna, za a fara da misalai biyu daga Ingila da Amurka kafin a isa Malawi.

Tushen Matsalar

Cikin shekarar 1870 wani matashi haifaffen Dablin, mai suna Thomas Barnardo, ya buɗe gidan yara maza marasa galihu a unguwar Stepney ta gabashin Landan. Mutum ne mai baki da alƙalami, kuma ya gane tun da wuri cewa hoto ya fi dogon wa'azi taɓa zuciya. Saboda haka yakan ɗauki hoton yaro cikin tsumma ranar da ya shigo, a sake ɗaukarsa fes cikin tufafi yana koyon sana'a, a buga hotunan a kati a sayar wa jama'a. Cikin 'yan shekaru sunansa ya cika Ingila, kuɗi suka riƙa kwarara, kuma kusan shi kaɗai yake karɓa, shi yake kashewa.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya taso. Wani limamin coci mai suna George Reynolds ya zarge shi da karkatar da kuɗi, da gallaza wa yara, da shirya hotunan ƙarya. Cikin 1877 aka kai maganar gaban alƙalan sulhu. Da suka gama sauraron shaidu sai suka wanke Barnardo daga zargin cin kuɗi, amma suka soki yadda ake shirya wasu hotunan, suka kuma ba da shawara a kafa kwamiti wanda zai sa ido a kan gidajen. An kafa kwamitin a ƙarƙashin Lord Cairns, wanda a lokacin shi ne shugaban ma'aikatar shari'a ta Ingila. Abin lura a nan shi ne wannan takunkumi bai kashe aikin ba. Lokacin da Barnardo ya rasu a 1905 ƙungiyarsa tana da gidaje 96, kuma har yau tana nan tana aiki.

Misali na biyu daga Amurka yake. A 1917 wani limamin Katolika, Fada Edward Flanagan, ya kafa gidan yara maza a birnin Omaha na jihar Nebraska, wanda daga baya aka sani da suna Boys Town. A 1938 aka yi fim a kan rayuwarsa, ɗan wasa Spencer Tracy ya fito a matsayinsa har ya ci lambar Oscar. Flanagan ya rasu a 1948, amma sunansa ya ci gaba da tara kuɗi. Kowace shekara akan aika miliyoyin wasiƙun roƙo zuwa gidajen Amurkawa, ana nuna cewa yaran suna cikin bukata.

A 1969 Amurka ta yi wa dokar harajinta gyara, wanda ya tilasta wa ƙungiyoyi irin wannan su riƙa miƙa bayanin dukiyarsu ga hukumar haraji a wata takarda da ake kira fom 990, wadda kowa yake da ikon nema ya karanta. 'Yan jaridar Sun ta Omaha, wadda attajirin nan Warren Buffett ya mallaka a lokacin, suka nemi takardar suka duba. A Maris 1972 suka bayyana cewa Boys Town ta tara dukiyar da ta kai dala miliyan 209, alhali yaran da take riƙe da su kimanin 700 ne. Laifin a nan tarawa ne da ci gaba da roƙo bayan bukata ta biya. Jaridar ta sami lambar Pulitzer a 1973, ita kuwa ƙungiyar ta sauya shugabanni, ta shiga kashe dukiyar a kan sababbin ayyuka, har da asibitin bincike kan matsalolin ji da magana na yara.

A duka wuraren biyu, gyara bai taso daga cikin gida ba, sai da na waje ya sami ikon duba lissafi. Da wannan ma'auni za a auna abin da ya faru a Malawi.

Malawi da Marayunta

Malawi ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Afirka, ba ta da gaɓar teku. A zamanin mulkin Turawan Ingila ana kiranta Nyasaland, ta sami 'yanci a 1964 a ƙarƙashin Dokta Hastings Kamuzu Banda, wanda ya yi shekara 30 yana mulki. Akasarin mutanenta ƙananan manoma ne masu dogara da masara. A 1994 sabuwar gwamnatin Bakili Muluzi ta soke kuɗin makarantar firamare, nan take yawan ɗalibai ya tashi daga kusan miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 3. Azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da haka ba, sai ya zamana yara da yawa a gindin bishiya suke ɗaukar darasi. Daɗin daɗawa, cutar ƙanjamau ta yi wa ƙasar mummunar ɓarna, har aka ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 akwai marayu wajen miliyan ɗaya.

Bukata dai a fili take. To amma akwai tsohuwar gardama a ƙasar game da yadda ya kamata a biya ta. Shi kansa Banda a 1981 ya buɗe Kamuzu Academy, makarantar kwana ta alfarma inda ake koyar da Latin da Girkanci ga zaɓaɓɓun yara kaɗan, yayin da makarantun ƙauye suke fama da rashin allo da benci. Ashe tun kafin zuwan Madonna mutanen Malawi sun san tambayar: shin a gina makaranta ɗaya ta gani ta faɗa, ko kuwa a gina ɗari masu sauƙin kuɗi?

Kafuwar Gidauniyar

An kafa Raising Malawi a 2006. Waɗanda suka kafa ta su ne Madonna da Michael Berg, ɗaya daga cikin shugabannin cibiyar Kabbalah ta birnin Los Angeles, watau cibiyar da ke koyar da wani reshe na sufancin Yahudawa, wadda Madonna take bi. A wannan shekara ce kuma Madonna ta ɗauki riƙon wani yaro daga gidan marayu a gundumar Mchinji, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, domin al'adar kotunan ƙasar ita ce baƙo ya zauna wata 18 ko fiye kafin a ba shi riƙon yaro. A 2009 babbar kotu ta hana ta riƙon yarinya ta biyu saboda wannan sharaɗi, amma kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan wata biyu.

Wajen tara kuɗi kuwa ba a sha wahala ba. A Fabrairu 2008 aka yi gagarumar liyafa a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, tare da kamfanin kayan ƙawa na Gucci, domin amfanin gidauniyar da asusun yara na UNICEF. A shekarar ne kuma aka fitar da fim a kan marayun Malawi wanda Madonna ta ɗauki nauyinsa. Bisa ga rahoton New York Times, gidauniyar ta tara dala miliyan 18, kuma Madonna ta zuba dala miliyan 11 daga aljihunta. Gaskiya ne an tallafa wa gidajen marayu da cibiyoyin ciyar da yara da wani ɓangare na kuɗin, bai kamata a manta da wannan ba.

Babban burin dai shi ne makarantar sakandare ta kwana ta 'yan mata, a kan kuɗi dala miliyan 15, wadda za ta ɗauki ɗalibai 400 zuwa 500. Akwai abin koyi a kusa, domin a Janairu 2007 Oprah Winfrey ta buɗe irin wannan makaranta a Afirka ta Kudu a kan dala miliyan 40. Gwamnatin Malawi ta ba da fili a ƙauyen Chinkhota kusa da Lilongwe, babban birnin ƙasar. Aka tashi mutanen da ke noma a wurin, wasunsu suna kukan cewa diyyar da aka ba su ba ta kai ba. A Oktoba 2009 Madonna ta zo aka yi bikin fara aiki, a Afrilu 2010 ta komo ta aza tubalin farko a gaban 'yan jarida. Daga wannan tubali ginin bai ƙara gaba ba.

Inda Kuɗin Suka Tafi

A Oktoba 2010 babban daraktan gidauniyar ya bar aiki. Kafin ƙarshen shekarar Madonna ta ɗauko wani kamfanin ba da shawara kan harkar agaji, Global Philanthropy Group, domin ya binciki al'amura. Rahoton wannan kamfani ne ya faɗa hannun 'yan jarida a Maris 2011. Ya nuna cewa dala miliyan 3.8 sun tafi a kan masu zanen gini, da albashi, da ofisoshi, da gida da mota da direba na shugabar makarantar, da kuɗin zama ɗan kulob ɗin wasan golf. An ma sayi motoci biyu domin ma'aikatan da ba a riga an ɗauka ba. Shugaban kamfanin, Trevor Neilson, ya shaida wa jaridar cewa ko takardar mallakar filin ba ta shiga hannu ba. Nan da nan aka rushe kwamitin amintattu, aka kafa na riƙon ƙwarya wanda ya ƙunshi Madonna da manajanta, aka sallami ma'aikatan Malawi. Takwas daga cikinsu suka kai ƙara kotu suna cewa an kore su ba bisa ƙa'ida ba.

A nan ya kamata mai nazarin tarihi ya yi taka-tsantsan da shaidar da ke gabansa. Wanda ya yi binciken Madonna ce ta ɗauko shi, ita take biyansa, kuma rahotonsa ya fi ɗora laifi a kan ma'aikata. Bayan 'yan makonni mujallar Newsweek ta buga nata binciken, inda ta ce daga cikin dala miliyan 3.8 ɗin nan, dala 850,000 kaɗai aka kashe a Malawi, sauran kusan miliyan 3 ofishin Los Angeles ne ya kashe su, a ƙarƙashin kulawar mutanen cibiyar Kabbalah. In haka ne, labarin mota da kulob, wanda ya fi daɗin bugawa a jarida, ƙaramin kaso ne na asarar. Saurin da duniya ta yi wajen yarda cewa a Afirka kuɗin suka salwanta ya nuna yadda tsohon zato yake rinjayar lissafi. A cikin wannan lokaci ne gidauniyar ta raba gari da cibiyar Kabbalah.

Dalilan Rushewar

Ana iya ware dalilai huɗu. Na farko, kwamitin amintattu bai kasance mai cin gashin kansa ba. Aikin amintacce shi ne ya tambayi mai gida, ya ƙi sa hannu in lissafi bai fita ba. To amma wanda aka zaɓo saboda kusanci da tauraro, ko saboda suna bin tafarki ɗaya, da wuya ya ɗaga murya. Jaridu sun ruwaito cewa shi kansa babban daraktan saurayin tsohuwar mai koya wa Madonna motsa jiki ne.

Na biyu, an gwama harkokin gidauniyar da na wata ƙungiya dabam mai nata buri. Duk inda aljihu biyu suka haɗu a riga ɗaya, mai bincike yakan sha wuya kafin ya gane wane kuɗi ne na wa.

Na uku, an sa keke a gaban doki wajen kashe kuɗi. Kowane akawun gwamnati ya san tsarin aikin gini: a mallaki fili, a amince da zane da ƙiyasi, a ba da kwangila, a riƙa biya kashi-kashi bayan injiniya ya duba ya sa hannu. A Chinkhota an fara da biki da albashi da motoci, aka bar takardar fili a baya. Masu ba da kuɗi kuma ba su tambaya ba, domin hoton tauraruwa riƙe da tubali ya ishe su shaida. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na huɗu, waɗanda abin ya shafa ba su da bakin magana. Mai sayen kaya a kasuwa in an cuce shi yakan koma ya yi ƙorafi, mai zaɓe yakan jira ranar ƙuri'a. Yarinyar ƙauye da aka yi wa alkawarin makaranta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ba da kuɗin yana New York, wadda aka tara domin ta tana Malawi, ba su san juna ba, kuma duk abin da ɗaya ya sani game da ɗayan ta bakin gidauniyar ya ji shi. Gwamnatin da ta ba da filin kuwa tana ganin baƙuwar a matsayin mai alheri wadda ba a son ɓata mata rai.

Bayan Rushewar

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. A Janairu 2012 gidauniyar ta ƙulla yarjejeniya da buildOn, wata ƙungiyar Amurka wadda ta daɗe tana gina makarantun ƙauye tare da mutanen gari, ta ba ta dala 300,000 domin gina makarantun firamare 10 a gundumar Kasungu. Kafin ƙarshen shekarar aka ba da sanarwar an gama, kuma yara fiye da 4,800 za su amfana.

Lissafin yana da ban mamaki. Makarantar Chinkhota, ko da an ɗauka za ta ɗauki 'yan mata 500, gurbin yarinya ɗaya zai tashi dala 30,000. Wannan shi ne daidai kuɗin makaranta guda cikin goman da aka gina a Kasungu. Da an bi wannan farashi, dala miliyan 3.8 da suka salwanta sun isa gina irinsu fiye da 120. Lalle ba a haɗa ginin firamare na ƙauye da sakandaren kwana mai ɗakin gwaje-gwaje, kuma albashin malaman Kasungu a wuyan gwamnati yake. Duk da haka lissafin ya nuna girman abin da yaran Malawi suka rasa cikin shekara biyu.

Ko wannan nasara ba ta tsira daga gardama ba. A Afrilu 2012 Joyce Banda ta zama shugabar ƙasa, ita kuwa 'yar'uwa ce ga shugabar makarantar da aka sallama. Da Madonna ta kawo ziyara a Afrilu 2013, ministar ilmi Eunice Kazembe ta ce azuzuwa aka gina a makarantun da suke nan tun da, ba sababbin makarantu ba. Fadar shugabar ƙasa ta fitar da sanarwa mai zafi tana zargin mawaƙiyar da neman a yi mata tarbar manyan baƙi, ita kuwa ta musanta, mutanenta suka ce haushin korar 'yar'uwa ne. Ko ma wane ne mai gaskiya, gardamar aji da makaranta gardamar lissafi ce, domin kalmar da aka zaɓa a rahoto tana iya kumbura aiki ko ta rage shi.

Aikin da ya fi tsayawa da ƙafarsa ya zo a Yuli 2017, sa'ad da aka buɗe cibiyar tiyata da kulawa ta musamman ta yara a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, irinta ta farko a ƙasar. A wannan karo an gina ta ne a cikin asibitin gwamnati wanda yake da likitoci da tsarinsa, tare da ma'aikatar lafiya. Sunan Madonna ya yi aikin da ya iya, watau jawo kuɗi, aka bar gudanarwa a hannun waɗanda suka san aikin.

Kammalawa

Daga Stepney a 1877, zuwa Omaha a 1972, zuwa Chinkhota a 2011, hanyar ɗaya ce. Mai suna ya ga yara cikin wahala, ya yi kira, jama'a suka amsa da hannu biyu, sa'an nan kunyar sunan ta hana a tambayi lissafi har sai da ɓarna ta auku. A ko'ina kuma ƙungiyar ta fi amfanar yara bayan an tilasta mata buɗe littafi. Wanda ya tambayi rasit ba maƙiyin marayu ba ne, sau da yawa ma shi kaɗai ne wakilinsu a ɗakin taro.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya, inda mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo da matan manya suke kafa gidauniyoyi da sunan yara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa amintattun irin waɗannan ƙungiyoyi su riƙa miƙa rahotonsu ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Doka kuwa ba ta aiki da kanta, sai an sami ma'aikacin da zai nemi rahoton ya karanta, da ɗan jaridar da zai bi sawu, da mai bayarwa da zai tambaya. Tambayoyin ba su da wuya: su wane ne amintattu, kuma mene ne dangantakarsu da mai gidauniyar? Wa ya binciki lissafin, wa ya biya shi? Cikin kowace naira 100 da aka tara, nawa ce ta isa ga yaro? Jami'in da aka kawo wa takardar neman fili ko rangwamen haraji da sunan marayu yana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi kafin ya sa hannu, komai girman sunan da ke saman takardar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.